Honda CG125 ɗan Japan ya shekara 18 a jingine: daga ina za a fara tayar da shi?

Sabon Shiga

Assalamu alaikum. Iyayen gidana masana tsofaffin babura, shawara nake nema. Akwai Honda CG125 ɗan Japan, tsohon yayi mai batir 6V da kwantak (ƙarfe biyu masu buɗewa da rufewa su ba fulogi wuta), ya kai shekara 18 a jingine a zaure. Kik yana sauka amma da nauyi. Cikin tanki duk tsatsa da warin tsohon fetur, tayoyi sun tsattsage, ɓera ya ci wani sashe na wayarin. Lambar inji da ta firam suna nan sarai. So ake ya koma yadda yake a da, ba aikin acaɓa zai yi ba. Wani bakanike ya ce a sauke injin a ɗora sabo na China a huta. Hakan ya dace? In bai dace ba, me za a fara taɓawa?

Tsohon Bakanike

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka sauke injin nan, kuma ka hana kowa sake taka kik ɗin. Yara sun fi lalata babur irin wannan da taka kik fiye da yadda shekarun ajiya suka lalata shi, domin ringi yana goga busasshen buloki, in kuma akwai bawul da ya maƙale a buɗe, fistin zai doke shi ko sandar tura bawul ta lanƙwashe.

Ka san irin injin da ke hannunka. Honda ta fito da CG125 a 1975 ne musamman saboda ƙasashen da ake yi wa babur lodi fiye da kima, ba a kuma canza baƙin mai a kan kari. Ƙananan injinan da ke da kamsha, wato sandar da ke buɗe bawul, a saman kai sukan ci kan inji da zarar mai ya yi datti, shi ya sa a CG aka sauko da kam ɗin ƙasa kusa da mai, ƙulli ɗaya tak yana aikin bawul biyu ta sanduna biyu. Babu sarƙar taimin da za ta miƙe. Inji ne da aka ƙera don ya jure sakaci, zama kawai ba ya kashe shi.

Ka cire fulogi, ka zuba cokali biyu na baƙin mai ta ramin, ka bar shi kwana biyu. Sannan ka buɗe murfin hagu ka juya maganeto, wato faifan maganaɗisu da ke samar da wuta, da hannu a hankali, ta ɓangaren da taya ke juyawa in babur na tafiya gaba. Murfin tafet, wato na saman inji da ke rufe bawul, a buɗe, idonka a kan bawul ɗin biyu: kowanne ya sauka ya dawo da kansa. Wanda ya sauka bai dawo ba, tsaya nan, sai an sauke kan inji.

Baƙin mai kuwa ta babban murfi mai sifana 24 da ke ƙasan inji ta hagu ake zubar da shi. Sifirin da 'yar raga, matacin mai na farko, za su biyo shi, kada su faɗa cikin ƙasa. Ka tari man a farin kwano ka duba a rana. Baƙi da kauri ba komai ba ne. Ƙyalli kamar garin ƙarfe ko ruwa a ƙasan kwanon, shi ne abin damuwa, domin yana nuna boris ko kwanrod, wato sandar fistin, sun taɓu.

Wurin da kusan kowa ke tsallakewa shi ne matacin mai na biyu. Yana bayan murfin dama, wajen kuloci, wani ɗan kwano ne mai murfi da sukurori uku da ke juyawa tare da karansha, wato babbar sandar injin da fistin ke juyawa, yana jefa datti jikin bangonsa. A babur irin wannan za ka tarar da laka ta daskare a ciki kamar kwalta. Ka kankare ta, ka wanke da kananzir. In ka bar ta, sabon mai zai jiƙa ta, ta ɓalle ta toshe hanyar mai. Tunda murfin yana buɗe, ka ware faifan kuloci ɗaya bayan ɗaya, don sun manne da juna, ka jiƙa su a mai kafin ka mayar.

Sukurorin murfin nan ba irin na sukudireba mai kuros da ake sayarwa a ko'ina ba ne, ƙirar Japan ce da ake kira JIS, wasu ma za ka ga ɗan ɗigo a kansu. Sukudireba na yau da kullum yana zamewa ya cinye kan. Ka nemi wanda ake dukan bayansa da guduma.

Mai wajen lita 1 yake sha, 20W-50 ya dace da zafinmu, amma na babur mai alamar JASO MA, saboda kuloci a cikin man yake wanka. Ana auna shi babur na tsaye a kan babban sitan, a tsoma ma'aunin ba tare da an murɗa shi ba. Tazarar tafet kuma, wato tsakanin hannun bawul da kan bawul, 0.08 mm ce duka biyun, inji da sanyi, alamar T ta maganeto tana daidai da tsagar jikin inji, a zagayen da hannayen bawul biyu ke da ɗan wasa. Da fila geji ake yi, ba da kunne ba.

Mai Kafireto

Baba ya gama magana a kan inji. Ni tanki da kafireto zan taɓa, kuma kada ka haɗa su biyun sai tankin ya fita tas, in ba haka ba za ka wanke kafireto sau goma a banza.

Ka cire makunnin fetur na ƙasan tanki ka toshe ramin. Ka zuba kananzir kamar lita 1 da noti guda 30, ƙirgagge, ka yi ta girgizawa har ɓawon tsatsar ya saki. Ka juye, ka ƙirga notinka su cika 30. Daga nan ka cika tankin fal da ruwan khal, ko ruwan ɗumi da garin sitirik asid na masu haɗa lemo, giram 50 zuwa 100 a kowace lita. Kwana ɗaya zuwa biyu ya isa, kana leƙawa. In ka juye, ka ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, ka sake ɗauraya da ruwa, ka busar nan take a rana, ka zuba ɗan fetur gauraye da baƙin mai ka jujjuya ya shafi ko'ina. Ƙarfen da aka wanke da tsami aka bari tsirara yakan sake yin ja kafin la'asar. Ruwan batir kuwa kada ka kusantar da shi, huda tanki yake yi.

Bayan wankin kana iya ganin ƙananan huji a ƙasan tanki, inda ruwa ya kwanta shekara da shekaru. Tsatsar ce take toshe su a da. Kada mai walda ya sa wa tankin wuta sai an wanke shi da ruwan sabulu sau da yawa, warin fetur ya fita gaba ɗaya, murfi a buɗe. Tankin da babu mai sai tururi ya fi cikakke saurin fashewa.

Kafireton asali Keihin ne, sunan na jikinsa. Kafin ka kwance sukurun saiti, ka murɗa shi ciki a hankali har ya zauna, kana ƙirga zagaye, ka rubuta, da wannan adadin za ka mayar da shi. Jet biyu ne, babba da ƙarami. Ƙaramin shi ne mai riƙe silo, wato aikin inji a tsaye ba a ba shi wuta ba, raminsa kamar gashi yake, kuma shi tsohon fetur ke fara toshewa. Alamarsa: babur ya tashi da cok, ka saki cok ya mutu. Ka jiƙa su a tina, ka zura sili ɗaya na jan ƙarfe daga cikin wayar lantarki, ka hura iska. Allura ko wayar ƙarfe tana faɗaɗa ramin, daga ranar babur ya zama mashayi. Fulot in na tagulla ne, ka girgiza shi a kunne, in ka ji ruwa a ciki ya huje. Ka duba bakin allurar fulot, in ta yi zobe sai sabuwa, don ita ke sa fetur zuba ta ƙasa.

Robar da ke tsakanin kafireto da kan inji ta bushe, ka canza ta ko da ta yi kyau a ido. In tana shan iska silo zai riƙa hawa da sauka, fulogi ya yi fari, inji ya yi zafi. Soson iya kilina kuma zai ruɓe a hannunka; sabon da za ka sa ka shafa masa mai ka matse, busasshen soso ba ya tare ƙurar hunturu.

Ɗan Wayarin

Malam, ɓeran nan bai yi maka babbar ɓarna ba, don Honda ba ta canza launin waya yadda ta ga dama. Kore shi ne at, wato wayar da ke komawa jikin firam. Ja daga batir yake. Baƙi wuta ce bayan an murɗa makulli. Ruwan ɗorawa daga kwayil ɗin fitila. Ruwan ƙasa fitilar baya, kore mai ratsin ɗorawa fitilar burki, ruwan lemo sigina ta hagu, shuɗi mai haske sigina ta dama. Ka yi ƙari da waya mai launi ɗaya, ka yi soda, kada ka murɗa ka naɗe da salatif.

Wutar fulogi daga maganeto take zuwa, don haka babur zai tashi ko babu batir. Sai dai kada ka yi ta ba shi wuta a haka: tsarin 6V na lokacin ba shi da regileta, batir da ƙwayayen fitila su ke shanye wutar. Shi ya sa in ƙwan gaba ya mutu, na baya ke binsa nan da nan. Kowane ƙwai ka sa mai wat daidai da wanda ka cire.

Kwantak ta tagar maganeto ake kai masa. Ka goge bakinsa da samfefa mai laushi, ka bi da farar takarda har ta fito ba datti. Buɗewarsa 0.3 zuwa 0.4 mm, kuma ya fara buɗewa daidai lokacin da alamar F ta zo kan tsaga. F ta wuta ce, T ta tafet, mutane na yawan rikita su. Fulogi NGK D8EA, tazara 0.6 zuwa 0.7 mm. In babur ya tashi lafiya amma ya yi zafi ya fara tari ya mutu, ya huce ya sake tashi, ga kuma tartsatsi mai yawa a bakin kwantak, kondensa ce. In sai an cire maganeto, da fula, wato ƙarfen zaro maganeto, ake cire shi. Guduma tana raunana maganaɗisu, tana kuma iya karkatar da karansha.

Ra'ayina dai, in hawa za a yi kullum har da dare, a mayar da shi 12V da CDI, wato akwatin lantarki mai ba fulogi wuta a maimakon kwantak. Fitilar 6V kamar aci-balbal take, batirinta da ƙwayayenta ma sai an sha yawo. A adana tsofaffin kayan a kwali.

Sabon Shiga

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. An juya injin da hannu, bawul biyu na dawowa, mai ba ƙyalli. Amma da aka auna kwamfireshan, wato ƙarfin matsin fistin, bai kai 90 psi ba. Kayan China za su shiga ciki?

Ɗan Panteka

Kafin ka yanke hukunci, an buɗe totur har ƙarshe lokacin awon? In a rufe yake, adadin ƙarya zai ba ka. An saita tafet tukuna? Tafet da ya matse yana hana bawul rufewa. In duk an yi, ka zuba cokali ɗaya na mai ta ramin fulogi ka sake aunawa. Ya hau sosai, ringi ne. Bai motsa ba, bawul ne ke yoyo, sai a sauke kai a yi girandin, wato a goge bakin bawul da mazauninsa su zauna daidai. Kuma ringin da ya daɗe a zaune yakan manne a raminsa, wani lokaci in inji ya tashi ya yi zafi sau biyu ko uku sai ya saki da kansa. Ka tayar da shi tukuna, sannan ka sake awo.

Batun kayan China, yawancin injinan babura masu sandar tura bawul da suka cika kasuwanninmu kwafin CG ne, don haka gasket, oyil sil, faifan kuloci, kebul da sifirin da yawa suna shiga. Waɗannan kayan cinyewa ne, ka saya ba kunya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a jefar da bulokin Japan saboda sabon na China yana da araha. Faɗin ramin asali 56.5 mm ne, tafiyar fistin 49.5 mm, kuma an bar masa naman borin, wato faɗaɗa ramin, har hawa huɗu: 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00. Ka sayi fistin tukuna ka kai wa mai borin tare da bulokin, ya yanka daidai da shi. Ka je kasuwa da tsohon fistin da fil ɗinsa a aljihu, don akwai mai fil 15 mm, akwai mai 13 mm, a kwali kuma duk CG125 aka rubuta. Sabon ringi ka sa shi cikin buloki shi kaɗai ka auna tsagar bakinsa, 0.15 zuwa 0.35 mm. In ta yi kaɗan, zafi zai haɗe bakin ya kama. Rubutun jikin ringi yana kallon sama, tsagoginsu a rarrabe, alamar IN ta kan fistin tana kallon kafireto.

Ni ban goyi bayan Ɗan Wayarin a kan 12V ba, tunda mai tambaya cewa ya yi a dawo da shi yadda yake. Murfin gefe, tambarin tanki, mita, salansa da madigadi na asali, ko sun lotsa a buga su a gyara, kada a musanya. Su ne ba a samu sai a jikin wani mataccen babur a Panteka ta Kaduna ko wajen 'yan gwangwan, kuma su ake kallo a san ɗan Japan ne. Fenti ma in bai ɓare ba, a wanke a goge shi kawai.

Tsohon Bakanike

Duk kun tsaya a kan tayar da shi, ba wanda ya yi maganar tsayar da shi. Shu ɗin burki na gaba da na baya a canza su ko da suna da nama, domin gam ɗin da ke riƙe da fatar yana sakewa da tsufa, in ta ɓalle a cikin duram taya kullewa take yi ana cikin gudu. Ƙurar cikin duram ɗin kada a hura ta da baki ko da iska, tsofaffin shu na ɗauke da asbestos mai cutar da huhu, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa.

Taya da tub sababbi, girman yana rubuce a jikin tsofaffin, ka kwafa, don akwai masu rim 17 a baya, akwai masu 18. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT a jikin sabuwar: 2322 na nufin mako na 23 na 2022. Sarƙa 428 ce, a canza ta tare da haƙoran gaba da na baya lokaci guda, wasanta wajen 20 mm a tsakiya. Sifok a bi su da sifana ana ƙwanƙwasawa, wanda bai yi ƙara ba ya saki. In za ka buɗe wuyan babur don sa giris, ka shimfiɗa tsumma a ƙasa, ƙwayayen boris ɗin a warwatse suke, ka ƙirga na sama daban, na ƙasa daban. Man farko kuma kada ya wuce kilomita 300 a ciki, a zubar, a sake wanke ragar.