Neman shawara: Ibon da ke cikin labarina ya ƙi zama mutum

Malama daga ƙasar Gumel:
Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, sai dare ya yi yara sun kwanta nake rubutu a waya. Labarin da nake kai yanzu a kasuwar Maigatari yake faruwa. A ciki akwai wani Ibo mai shagon magani, na sa masa suna Emeka. Shi ne zai ɓoye wani yaro makiyayi da aka yi wa sharrin satar akuya ranar Alhamis, kasuwa na tsakiyar ci.

Na kai shafi 40, na ba ƙawata ta karanta, sai ta ce min, "Wannan ai ba mutum ba ne, abin ba da dariya kika ƙera." Maganar ta yi min zafi saboda gaskiya ce. Duk inda ya buɗe baki zancen kuɗi ne, Hausarsa a karye, ya mai da namiji mace, mace namiji. Da aka zo wurin da zai taimaki yaron, ni da na rubuta shi ban yarda zai aikata ba. Ban taɓa wuce Kaduna ba, balle Anacha. In cire shi in sa Bahaushe, ko da gyara?

Baban Sadiku, Ringim:
Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, iya ruwa fid da kai. Cire shi ki rubuta abin da kika sani. Maganar ƙabila ba ta da wuyar jawo ɓacin rai.

Maman Ilham, Kazaure:
Yaya, ban goyi bayanka ba a nan. In haka ne, namiji ba zai rubuta zuciyar amarya ba, ita ma Malama sai ta cire makiyayin, tunda ba a ruga ta tashi ba. Malama, ki amsa wa kanki wannan tambayar: idan Emeka ya rufe shago ya koma ɗaki, babu Bahaushe ko ɗaya a gabansa, me ke hana shi barci? Yanzu abin da mai sayen magani ke hangowa daga bakin kanta kawai kika rubuta.

'Yar Ibon Gumel:
Sannu Malama. Ni Ibo ce, a Gumel aka haife ni, a nan na yi firamare. Abin da zan fara roƙon ki shi ne ki warware masa harshe. Mutumin da ya shekara ashirin yana ciniki da mutanen ƙauye, yana sauraron tsohuwa tana kwatanta masa ciwon da ke damun ta, ba zai kasa bambanta "shi" da "ita" ba. Babana har karin magana yake yi wa masu saye. Sannan kalmar Inyamuri, ki sani da yawanmu ba ma jin daɗinta. Wani a cikin labarin zai iya faɗa, tunda ana faɗa, amma ki nuna yadda fuskar Emeka ta yi da ya ji.

Batun kuɗi kuwa, ki nemi tushensa. Yawancin masu shagunan nan da yaron shago suka fara. Ana ɗauko yaro daga gida, ya yi wa ubangidansa hidima shekara da shekaru babu albashi, in wa'adi ya cika a sallame shi da jari ya buɗe nasa. Babana shekara 7 ya yi a Sabon Garin Kano kafin a sallame shi. To Emekanki watakila yana da yaro a shago wanda lokacin sallamarsa ya ƙarato, jarin bai haɗu ba, kuma in ya saɓa alkawari sunansa ya ɓaci a garinsu. Ga kuɗin makarantar ƙanne, ga gudunmawar ƙungiyar 'yan garinsu, ga tafiya gida a Disamba wadda ba a yin ta hannu rabbana. Mai ƙirga kuɗi da wannan nauyi a ka daban yake da mai ƙirgawa don kwaɗayi.

Ga wani ƙaramin abu da zai yi miki amfani. Mu ma muna girmama goro, amma namu na al'ada mai ɓari uku ne ko huɗu ko fiye, ba mai ɓari biyu da ake rabawa a ɗaurin aure a nan ba. Babba ne ke yin addu'a a kansa da harshen Ibo kafin a fasa.

A kan dalilin ɓoye yaron: a gidanmu ana ba da labarin maƙwabci Bahaushe da ya ɓoye kakana a rumbu lokacin kashe-kashen 1966, kafin yaƙin basasar da aka yi daga 1967 zuwa 1970. Irin wannan bashi yana iya bin iyali. Sai dai don Allah kada ki mai da shi waliyyi don ki wanke laifin farko. Ki bar shi ya ji tsoro, ya yi tunanin za a iya ƙone masa shago, ya yi jinkiri kafin ya buɗe ƙofar baya.

Ɗan Ardo, Birnin Kudu:
Malama, kada hankalinki ya tafi kan Emeka ki mance da namu yaron. An gaji da Bafulatanin da bai san komai ba sai sanda. Yaron da ya tashi da pulaku, wato tarbiyyar Fulani ta kunya da kamun kai, ko yunwa na cin sa, da wuya ya karɓi abincin baƙo a tayin farko, kunya ba za ta bar shi ba. Kuma yana ɓoye a shagon nan, hankalinsa na kan dabbobin da ya bari.

Tsohon hedimasta, Hadeja:
'Yata, idan Emeka na magana da matarsa da harshensu, ki rubuta da tsantsar Hausa mai daɗi, don a harshen uwarsa ba ya in'ina. In kin gama babi, ki nemi ɗan ƙabilar ya karanta kafin ki saki. Makarantarku ba a turo muku masu bautar ƙasa?

Malama daga ƙasar Gumel:
Ana turowa, Baba. Akwai wata 'yar Anambra tare da mu, wata biyar ke nan, gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma na ji kunyar hakan da na karanta amsarku. Gobe zan gayyace ta cin tuwo. Maigida ma ya yarda in bi shi Maigatari Alhamis mai zuwa. Na gode muku duka, har da Yaya na Ringim, zan yi taka-tsantsan. Anti ta Gumel, tambaya ɗaya: da wane suna matar Emeka za ta riƙa kiran sa a gida?

'Yar Ibon Gumel:
Da sunan ɗansu na fari. In Chinedu ne, "Papa Chinedu" za ta ce, kamar yadda kuke cewa Baban wane. Turo min babin farko in kin gyara, zan karanta wa babana.