Neman kalma: me za mu kira wuraren da yara ke zagayawa a darasin lissafi?

Malamar Aji Uku: Assalamu alaikum malamai. Agaji nake nema kafin Asabar. An ba ni takardar horar da malaman firamare, shafi shida, in mayar da ita Hausa, ranar Litinin za a raba. Komai ya tafi daidai sai kalma ɗaya da ta tsaya mini a wuya, wato learning stations. Ga yadda nake yi a ajina. Yara 72 ne, na kasa su gida huɗu. Wuri na farko marafan kwalba ne na tarawa da ɗebewa. Na biyu tsinken tsintsiya ɗaure goma-goma, don su gane gidan goma da gidan ɗaya. Na uku mudu da gwangwanin madara da yashi, na awo. Na huɗu ni ce a kan tabarma da waɗanda rabawa ke ba wuya. Bayan minti takwas sai in tafa, kowane rukuni ya matsa gaba. Kaya na nan inda suke, yara ne ke tafiya. To wurin da kayan suke, me za a kira shi?

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam Malama. Tashar koyo, jam'i tashoshin koyo. A tsaya, a yi abin da ya kawo mutum, a wuce.

Tsohon Hedimasta: A'a, ɗana. Tasha ai kalmar Turancin ce Bahaushe ya tauna ya furzar. Muna da tamu: zango. Fatake in sun taso daga Kano za su Gwanja sayen goro, zango-zango suke yi, su sauke kaya, su huta, gari ya waye su ɗaura. Abin da yaran nan ke yi ke nan. Zangon tarawa, zangon awo.

Malamar Aji Uku: Baba, wallahi zango ya yi mini daɗi a kunne. Amma makaranta ta riga ta ɗauke shi. A shafi na biyu na takardar nan na rubuta "zangon karatu na farko". In na ce a shirya zango huɗu, malami zai ɗauka shekarar aka ƙara wa tsawo.

Jikan Kumashi: Mu kuma nan Gana in ka ce zango, unguwarmu ka kira. Malamin da ke Kumashi ko Ankara ba zai kawo komai a ransa ba sai masallaci da layin masu waina.

Mai Nahawu: Duk kuna zagaye, alhali harshen ya ba mu ma'auni. Inda ake ƙira maƙera, inda ake rini marina, inda ake jima majema, inda ake karatu makaranta. Inda ake koyo fa? Makoya. Ba aro, ba ƙarin bayani, kalma ɗaya tak. Shekara uku ina amfani da ita da ɗalibaina na kwalejin ilimi.

Ɗan Zazzau: Malam, makoya ai jam'in makoyi ne. Yaran su ne makoya.

Mai Nahawu: Karin sauti ya raba su. Sunan wuri sama-sama yake tafiya har ƙarshe, na masu aiki kuwa yana faɗuwa a tsakiya. Haka maƙera wurin aiki da maƙera mutane suke, kuma ban taɓa jin wanda ya ruɗe ba.

Ɗan Zazzau: A baki ba a ruɗewa. Malama takarda take rubutawa, kuma ba ma sa alamar karin sauti a rubutu. Karanta wannan: "Makoya su tashi su koma makoya ta gaba." Sannan jam'in fa? Makoyu?

Mai Nahawu: Makoyu, kamar makarantu. Kunne zai saba. Matsalarmu ke nan, duk wanda ya ƙirƙiro daga cikin gida sai a yi masa ca, wanda ya kwaso na Bature a tafa masa.

Tsohon Hedimasta: Nan kam ina bayanka. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa. Da wane harshen za a koyar in rabinsa aro ne?

Ɗan Zazzau: Ranka ya daɗe, ba raini ba, lissafin da muke magana a kai daga Larabci muka samo sunansa, haka allo. Teburi da benci daga Turanci. Kakata ba ta taɓa zama a aji ba, amma tasha take cewa tun ina goye. Kalmar da ta yi jam'i irin namu, ta haifi ɗan tasha, har yanzu baƙuwa ce?

Tsohon Hedimasta: To ka faɗa da bakinka. Ɗan tasha yabo ne? Uba ya ji an ce ɗansa ya wuni a tasha, me zai ce wa makarantar?

Ɗan Damagaram: Ku yi haƙuri in sa baki. Kullum haka kuke, Kano da Zariya ku yanke, ku manta mu ma muna karanta littattafanku. A lakwal ɗinmu, wato makarantun boko na Nijar, Faransanci bai kira abin da sunan tasha ba sam, sunan wurin sana'a yake ba shi, atiliye. Saboda haka ba dole ba ne a bi sawun Ingilishi. Ni rumfa nake gani. Yaro ya san kasuwa: rumfar mai gishiri, rumfar mai atamfa, kowa da hajarsa, mai saye ke zagayawa.

Mai Nahawu: Rumfa tana da rufi.

Ɗan Damagaram: Tasha kuma tana da mota.

Malamar Aji Uku: Malamai, don Allah lokaci. Yau Alhamis na gwada su a aji, kowace kalma zagaye ɗaya. Da na tafa na ce "a koma makoya ta gaba", babu wanda ya motsa, suka zuba mini ido, sai da na nuna da hannu. Rumfa sun gane ta, musamman 'yan mata. Wata yarinya, wadda kan yi tallan gyaɗa in an tashi daga makaranta, ta zauna gaban mudun, ta cika shi da yashi ta share baki da gefen hannu, tana ƙirga gwangwani nawa suka shiga, sauran na tayawa. Ban taɓa ganin ta ɗaga hannu a aji ba sai yau. Amma a wurin marafai da tsinke kalmar ba ta zauna ba, wani yaro ya tambaye ni me ake sayarwa. Da na ce "tasha ta gaba" kuwa, kafin in rufe baki sun miƙe sun jeru. Gaskiyar Baba ta fito kaɗan, don yara biyu sun fara kiran "saura mutum ɗaya", sai da na tsawatar.

Mai Nahawu: Gwajin minti takwas ba ya kashe kalma. Makaranta ma akwai ranar da aka fara jin ta.

Malamar Aji Uku: Haka ne Malam, amma malamai arba'in za su karanta takardar nan ba ni a kusa. Ga abin da na rubuta: "Tashar koyo: wuri a cikin aji da aka ajiye kayan aiki iri ɗaya, rukunin yara su tsaya su yi aiki na ɗan lokaci, sannan su matsa." Ba zan bar tasha ita kaɗai ba ko sau ɗaya, kullum da abin da ke bin ta: tashar tarawa, tashar gidan goma. Ta awo na bar mata rumfar awo a cikin misali, saboda yarinyar nan. Matsawar kuma na kira ta zagaye.

Ɗan Damagaram: Rumfa ɗaya cikin huɗu. To, mun karɓa.

Tsohon Hedimasta: 'Yata, rubuta abinki, Allah ya yi albarka. Ni dai in na shiga aji zango zan ce. Kuma ki ƙara layi ɗaya: aji mai yara 72, a jingine bencina jikin bango tun kafin darasi, in ba haka ba rabin minti takwas ɗin a tsallake-tsallake zai ƙare.

Malamar Aji Uku: Na ƙara, Baba. Na gode.

Mai Nahawu: In za a sake buga takardar, a tuntuɓe ni kan makoya.