Singafo zuwa New York awa nawa ne a jirgi? Lissafin ya rikita ni

Ummu_Hanan:
Salam jama'a, dan Allah a warware min. Yayana ne zai tashi daga Singafo zuwa New York, ya turo min hoton tikitinsa, na ga tashi wajen 12 na rana, sauka kuma kafin 7 na yamma a ranar dai, to ni a lissafina ko awa 7 bai cika ba kenan, amma shi ya dage wai kusan awa 19 zai yi a sama ba tsayawa ko'ina. Waye bai iya lissafi ba tsakaninmu?

Baban Sadiq:
Hhh 'yar uwa yayanki ne da gaskiya. Lokacin da ake bugawa a tikiti agogon garin da ake ciki ne, na tashi agogon Singafo, na sauka agogon New York, kuma Singafo ta riga su da awa 12, in sanyi ya shigo Amurka suka maida agogo baya ya koma 13. Ki ɗora 12 a kan awa 6 da 'yan mintocin da kika samu ki gani. Nisan kansa kilomita 15,349 ne daga filin jirgin Changi na Singafo zuwa filin JFK na New York, jirgin Singapore Airlines ke yi da Airbus A350-900ULR.

Dan_Taga:
To malam ni inda na tsaya, jirgi na gudun wajen kilomita 900 a awa, in ka raba ai awa 17 ne, ina sauran suka shiga?

Baban Sadiq:
Ai ba daga ƙofa yake fara wannan gudun ba, akwai jan jiki zuwa titin tashi, bin layi, hawa sama, rage gudu in za a sauka, duk suna cikin lissafi. Kuma wancan nisan na hanya mafi kusa ce, su matuƙa iska suke bi, akwai wata iska mai ƙarfi can sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, gara musu su ƙara kilomita tana tura su ta baya da su yi gaba da gaba da ita suna ƙona mai. Shi ya sa zuwa sukan bi ta wajen Japan da Alaska, dawowa kuma sau da yawa sai su ci gaba da yin gabas ta tekun Atlantika.

Hajiya_Turai:
Ni dai ƙanwata ki ce masa ya dinga tashi yana zagayawa. Na taɓa yin awa 14 a zaune, wlh da muka sauka takalmina ƙin shiga ya yi, a hannu na riƙo shi har wajen ɗaukar kaya, ƙafa ta kumbura sumtum. Gara shi ma, wannan jirgin kujera 161 ne kacal kuma babu ikonomi na gama-gari, wato kujerun nan masu araha da matsatsi, a ciki.

Ummu_Hanan:
Kai na gode ƙwarai. Ashe ni ce zan ba shi haƙuri, tun jiya nake masa dariya wai bai iya duba agogo ba 😂