Tayar bayan Boxer ɗina ta suɗe: wacce zan saya, kuma nawa ya dace in biya a saka mini?

Abu Safiyya, Funtuwa:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni malamin makaranta ne, ina zaune a Funtuwa, makarantar da nake koyarwa kuma tana wani ƙauye mai nisan kilomita 18 daga gida. Rabin hanyar kwalta ce, sauran rabin burji ne mai tsakuwa wanda ruwa ke zaizayewa kowace damina. Babur ɗina Bajaj Boxer ne, shi ne ƙafata, kuma a yanzu tayar baya ta suɗe har zanen tsakiya ya ɓace. A cikin wata ɗaya ta yi faci sau uku, na ƙarshen ya same ni ne da ɗana a baya, muka tura babur ɗin kusan kilomita biyu kafin mu sami mai faci.

Na shiga kasuwa jiya na tambayi kuɗin taya mai lamba 3.00-17, irin wadda ke jikin babur ɗin. A shago ɗaya an nuna mini guda biyu, ɗaya naira 17,000, ɗaya kuma naira 28,000, alhali a idona ban ga wani bambanci ba sai na suna da ɗan nauyi. Wani yaro a bakin shagon ya ce zai samo mini ta hannu a kan 9,000. Sabon tif an ce 4,000, mai facin unguwarmu kuma ya ce zai saka mini a kan 1,500. Albashi bai shigo ba tukuna, saboda haka kowace naira sai na yi mata lissafi. Shin tsadar ta 28,000 tana da dalili, ko kuwa sunan kamfani kawai zan saya? Dole ne in sake tif, ko tsohon zai iya ci gaba? Sannan tayar gaba tana da sauran zane, amma na ga ƙananan tsage-tsage a gefenta, ko ita ma lokacinta ya yi? Allah ya saka wa duk wanda ya ba ni shawara da alheri.

Baban Khalifa, mai faci a Zariya:

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare gaba. Na fi shekara ashirin ina wannan sana'a, don haka zan yi magana a kan abin da hannuna ya sani.

Ta hannun nan ka bar ta. Tayar babur ba kamar ta mota ba ce da za a ce akwai sauran uku da za su riƙe ka idan ɗaya ta fashe, kuma a ƙasar nan da wuya mutum ya cire tayar babur tana da sauran amfani. Na sha ganin wadda aka bi zanenta da wuƙa aka ƙara masa zurfi, aka shafe ta da baƙin mai ta yi ƙyalli, wanda bai sani ba ya ɗauka sabuwa ce, alhali robar da ta rage tsakanin ƙasa da zaren ciki ba ta kai kaurin fatar takalmi ba.

Batun tif shi ne inda mutane suka fi cutar kansu. Tif da ya daɗe a cikin tsohuwar taya ya riga ya buɗe ya ɗauki girmanta, idan aka tura shi cikin sabuwa wadda cikinta yake a matse, sai ya naɗe a wani wuri, wurin naɗin nan kuma shi ne zai tsage bayan 'yan makonni, galibi da rana tsaka lokacin da kwalta ta ɗauki zafi. Naka ma ga faci uku a jikinsa. Ka ɗauka cewa 4,000 ɗin nan tana cikin kuɗin tayar tun farko. Ka kuma sa a duba robar da ake shimfiɗawa a cikin wili domin rufe kawunan wayoyin da ke riƙe da wilin, domin idan ta tsinke ko ta goce, kan waya zai riƙa cin tif daga ciki, sai ka yi ta zargin ƙusa a hanya alhali ɓarnar a cikin wilinka take. Kuɗinta kaɗan ne ƙwarai, amma ba kowane mai faci ke tunawa da ita ba sai an tambaye shi.

Kuɗin aiki 1,500 bai yi yawa ba a tayar baya, saboda sai an kwance sandar birki, an sassauta sarƙa, an cire wili, an mayar, an daidaita. Abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne ka tsaya a wurin har a gama. Ka duba ko akwai kibiya a gefen tayar, idan akwai, dole ta fuskanci inda wili ke juyawa in babur na tafiya gaba. Ka lura kada liba, wato ƙarfen da ake tura taya da shi, ta ciji sabon tif wajen turawa, mai aikin kirki yakan ɗan hura masa iska kaɗan kafin ya saka shi. Bayan an ba ta iska, akwai siririn layi da ya zagaye tayar kusa da bakin wili, ka juya ka ga nisansa da bakin daidai yake ko'ina, in ya nutse a wani gefe to tayar ba ta zauna ba, kuma za ka ji babur na rawa. Daga nan a tabbatar wilin baya ya miƙe daidai da na gaba, domin wilin da ya karkace yana cinye gefe ɗaya na sabuwar taya cikin ƙanƙanin lokaci, ya haɗa da sarƙa.

A ƙarshe iska. A Boxer ana sa 25 a gaba, 28 a baya idan kai kaɗai ne, 32 idan da goyo, duk a ma'aunin iska na PSI, kuma da geji ake aunawa, ba da matsa taya da yatsa ba. Rabin tayoyin da ake kawo mini sun mutu kafin lokacinsu, ƙarancin iska ne ya kashe su.

Alhaji Mai Kayan Babur, Kaduna:

Malam Abu Safiyya, sannu da ƙoƙari. Abin da Baban Khalifa ya faɗa a kan aiki ba ni da abin ƙarawa. Ni ɗan kasuwa ne, bari in yi bayanin kuɗin.

Mafi yawan tayoyin babur da ke kasuwanninmu daga waje ake shigo da su, daga Sin da Indiya da wasu ƙasashen Asiya. Manyan masana'antun taya biyu da ƙasar nan ta taɓa tinƙaho da su sun daɗe da rufewa, Michelin ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta Ikeja kuma a 2008. Saboda haka farashin taya yana bin dala ne ƙafa da ƙafa. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 kuwa ta haura 1,500, ga kuɗin mota daga Legas ko Nnewi zuwa Arewa da ya ninka bayan cire tallafin mai. Wanda ya sayi taya shekara uku da suka wuce ya zo yau ya ji kuɗi, sai ya ɗauka mai shago ne ke zaluntarsa, alhali mu ma ribar da muke samu a kan guda ɗaya ba ta taka kara ta karya ba.

Bambancin 17,000 da 28,000 yana da dalili idan mai tsadar ta gaskiya ce. Nauyin nan da ka ji a hannunka shi ne yawan roba da ƙarfin zaren ciki. Ka duba gefenta za ka ga an rubuta 4PR ko 6PR ko 8PR, wannan alamar ƙarfin jikin tayar ce, kuma mai bin burji da goyo bai kamata ya sa ƙasa da 6PR a baya ba. Sai dai ina jan kunnenka, tsada kaɗai ba shaida ba ce. Sunayen da aka sani kamar MRF da CEAT na Indiya ko Kenda da CST na Taiwan su ne aka fi yi wa jabu, domin su ne ake nema. Ta jabu rubutunta ba ya fita tsaf, gefenta yana da laushi idan ka matsa, kuma ba ta da nauyin ta ainihi. Akwai kuma waɗanda ake cusa su cikin juna a kwantena domin rage kuɗin dako, abin da hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kamawa, irin waɗannan za ka ga bakinsu ya lanƙwashe tun ba a saka su ba.

Ka nemi lambobi huɗu da ke cikin wani ɗan zagaye a gefen tayar. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2324 na nufin mako na 23 a shekarar 2024. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana cewa shekara huɗu ne wa'adin taya daga ranar da aka ƙera ta, don haka wadda ta shekara uku a shago, ko ba ta taɓa ƙasa ba, ba ta cancanci cikakken kuɗi ba. Wannan ne kuma amsar tambayarka a kan tayar gaba. Tsage-tsagen gefe alamar roba ta bushe ce, ka karanta shekararta. Idan ta tsufa, sauran zanen da ke kanta ba zai hana ta fashewa ba, kuma fashewar gaba ta fi ta baya haɗari nesa ba kusa ba.

Sani Ɗan Acaɓa, Malumfashi:

Malam, ni a kan babur nake wuni, kuma na gwada iri biyun a Boxer ɗina. Mai arha wata huɗu ta yi mini a baya, mai tsada ta gaskiya kuma ta kai wata tara. Idan aka yi lissafi da kuɗin da aka faɗa maka, ta 17,000 ta tashi a kan 4,250 kowane wata, ta 28,000 kuma kimanin 3,100, ban da kuɗin sakawa sau biyu da kuɗin faci da fasinjan da ke sauka ya hau wani. Kai da tafiyarka ba ta wuce kilomita 36 a rana ba, mai kyau za ta daɗe maka fiye da haka sosai.

Inda na ɗan saɓa da Baban Khalifa, tare da girmamawa, shi ne tif. Ni idan tif bai taɓa faci ba kuma bai daɗe ba, ina mayar da shi, ban kuma taɓa ganin matsala ba. Amma naka mai faci uku, gaskiyarsa ce, a sake shi. Idan kuɗi bai isa sayen tayar gaba da ta baya duka ba, kada ka raba shi ka sayi masu arha biyu. Ka sa mai kyau a wadda ta fi lalacewa yanzu, ɗayar kuma ta jira albashi, ka rage gudu kafin lokacin.

Abu Safiyya, Funtuwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara arziki da lafiya. Na koma shagon da safiyar yau na karanta lambobin da kaina. Mai tsadar 6PR ce kuma ƙirar bara, mai arhar kuwa 4PR ce, ta kusa shekara uku da ƙerawa. Mun daidaita a kan 26,500, na sayi sabon tif 4,000, na biya mai faci 1,500. Da aka buɗe wilin sai ga robar nan ta ciki ta tsinke gida biyu, kan waya ɗaya ya fito daidai inda biyu daga cikin facin nan uku suke, aka goge shi aka sa sabuwar roba a kan 500. Jimilla naira 32,500 ke nan, wadda wani abokin aikina ya cika mini 10,000 a ciki zuwa ƙarshen wata.

Tayar gaba kuwa lambarta ta nuna 2019, ashe ita ce ta zo da babur ɗin tun yana sabo. Na daina ɗaukar yaron a kai har sai na sake ta. Alhaji, ta gaban 2.75-17 ce, shin ita ma sai na nemi 6PR, ko 4PR mai kyau za ta wadatar tunda ba ita ke ɗaukar nauyi ba?