Shin babbar taya tana ƙara wa tsohuwar Hilux ƙarfi a daji?

Mai Hilux: Assalamu alaikum. Tsohuwar Hilux gare ni mai injin dizal 2.8, irin wadda aksil ɗinta na gaba ƙarfe guda ne da ya haɗa tayoyin biyu a kan sifirin. Da ita nake kwaso buhunan masara daga ƙauye. Damina biyu ke nan cikinta yana dukan ƙasa a hanyar gona. Na yanke shawarar cire tayoyi 205R16 da ke jikinta in sa 33x12.50, wato masu tsayin inci 33 da faɗin inci goma sha biyu da rabi. Ni a ganina babbar taya ƙarfi ce ga mota a daji, kuma ban ga illarta ba.

Direban Kasuwa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka sa kawai. Wani maƙwabcinmu ya sa, motar ta tashi sama, inda muke maƙalewa shi wucewa yake.

Bakanike: Alhaji, a yi haƙuri, ban yarda da kalmar ƙarfi ba. Tsayi za ka samu, ƙarfi kuwa raguwa zai yi. Tayarka ta yanzu kusan inci 29 ce. In ka koma 33 ka ƙara inci huɗu, amma rabinsa ne kaɗai ke ɗaga motar, wato inci biyu a ƙarƙashin tukunyar aksil, kumburin nan na tsakiyar aksil mai haƙoran da ke juya tayoyi. A kan inci biyun nan, duk juyi ɗaya na taya injin zai tura motar nisan da ya ƙaru da kusan kashi 14 cikin ɗari. Kamar ka ɗauki kaya ne ka tashi da giyar da ta ɗan fi ta ɗaya tsawo. Injin nan dokinsa bai wuce 90 ba tun yana sabo, ina ga yanzu.

Direban Kasuwa: Oga, lissafi daban, hanya daban. Inci biyun da kake rainawa shi ne tsakanin ka kwana a gida da ka kwana a taɓo. Kuma ba wani abin da ke ɗaga tukunyar aksil sai taya. Ko ka ƙara ganyen sifirin goma, jiki ne zai tashi, tukunya na nan inda take.

Bakanike: Wannan gaskiya ka faɗa, ban musa ba. Amma ka zo garejina ka ga abin da nake gani. Watan jiya aka jawo mini irinta. Ta nutse a laka, direba ya sa oksilari, giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, ya murɗe sitiyari har ƙarshe, ya taka wuta. Ji kake ƙas. Da na buɗe kan aksil ɗin gaba, haɗin da ke kai juyi ga tayar, wanda ke cikin ƙwallon ƙarshen aksil, ya tarwatse, ƙwallayen ƙarfen na zubowa cikin giris kamar tsakuwa. Faffaɗar taya ta kama ƙasa ta ƙi sulɓi, sai ƙarfen ya biya. Ban da kuloci da ke ƙonewa wajen tashi da kaya, da boris da ke saurin ci, da birki da ke ƙara nisa kafin ya tsayar da ita.

Mai Hilux: To ai ni ba ganganci nake yi da mota ba.

Bakanike: Na sani Alhaji. Amma yaronka fa? Kuma agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya. Yana nuna 80, kai kana kan 91.

Baba Tsohon Direba: Ku bari in sa baki. Na yi shekaru ina bin hanyar Agadas zuwa Dirku, rairayi ne da ba kwalta. Mu abin da muka sani shi ne 7.50R16, doguwa siririya. Tsayinta na kusa da inci 32, ga ta da jure kaya. In mun shiga yashi mai laushi sai mu sauka mu rage iska har gindin tayar ya baje, mu wuce, mu sake bugawa in ƙasa ta yi tauri. Ku kuna ta gardama a kan girma, kun haɗa tsayi da faɗi wuri ɗaya. Alhaji tsayi yake nema. Faɗin inci goma sha biyu da rabi me zai yi masa ban da nauyi da shan mai da gugar madigadi?

Direban Kasuwa: Baba, a taɓo fa? Ai faffaɗa ba ta nutsewa.

Baba Tsohon Direba: Ɗana, ya danganta da taɓon. Irin na hanyar gona da ke da ƙasa mai tauri a ƙarƙashi, siririya ce ke yanka shi ta taɓo tauri ta kama. Faffaɗa sai ta tsaya a sama tana ta juyi. In fadama ce mai zurfi, nan na ba ka gaskiya.

Mai Hilux: To in na dage sai 33 ɗin, ba gyara?

Bakanike: Akwai, sai dai kuɗi. A canza haƙoran cikin tukunya. In naka 4.30 ne, wato juyin shaft 4.30 a kan juyin taya ɗaya, a mayar da shi 4.88, ƙarfin tashi ya dawo kusan yadda yake. Kuma gaba da baya za a canza tare, in ba haka ba ranar da ka sa oksilari aksil biyun za su yi ta ja-in-ja har wani abu ya karye. Sai sababbin wili, don 33x12.50 da aka fi samu ta wili mai inci 15 ce, naka 16. Sai safaya ita ma ta zama daidai da sauran huɗun.

Direban Kasuwa: Ni dai har yanzu ina kan bakana, wanda ya sa bai yi nadama ba.

Mai Hilux: Baba, 7.50 ɗin za ta hau wilina na yanzu?

Bakanike: Kawo ta gobe da safe Alhaji. Mu ɗaura guda ɗaya a gaba, mu murɗe sitiyari hagu da dama mu ga ko tana taɓa sifirin kafin ka sayi sauran.