Sanyi ne ke kawo mura, ko laifi kawai ake ɗora masa?

Usman: Jama'a ina da magana, kuma na san za a yi mini ca. Sanyi ba ya sa mura. Mutum ya fita da jiƙaƙƙen kai ko ya kwana ba bargo, in dai bai haɗu da ƙwayar cutar ba, ba zai yi mura ba. Bairos ne ke kawo ta, sun fi iri 200, kuma wanda ake kira rhinovirus shi ya fi kowanne kama mutane. Daga mutum zuwa mutum take bi, ta atishawa da tari da hannun da aka taɓa hanci da shi.

Hajiya Binta: Usman, karatu ya yi maka yawa. Na reni 'ya'ya na reni jikoki, da idona nake gani. Ruwan sama ya doki yaro, kafin ya shigo gida hanci ya fara zuba. Kai kuma ka ce ba sanyi ba ne.

Usman: Allah ya ja kwana Hajiya, ba ƙaryata idonki nake yi ba. Wannan ruwan da ke zuba nan take ba mura ba ne. Iska mai sanyi in ta shiga hanci, sai hancin ya ƙara fitar da ruwa don ya ɗumama ta kafin ta isa huhu, kuma da an zauna wuri mai ɗumi sai ya tsaya. Mura ta gaske takan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku a jiki kafin ta bayyana. Yaron da ya jiƙe da la'asar ya kwana da zazzaɓi, tun jiya ko shekaranjiya ya kwaso abinsa.

Malam Sani: To in haka ne, me ya sa sai lokacin sanyi ake cika asibiti da tari? Ko bairos ɗin ma kalanda yake dubawa?

Usman: Malam, mu ne muke sauya hali. Sanyi ya shigo, sai a rufe tagogi, a cunkushe a ɗaki ɗaya, kowa na shaƙar numfashin ɗan'uwansa. An gwada abin nan tun da daɗewa. A garin Salisbury na Ingila an buɗe wata cibiya ta binciken mura a 1946, ta yi aiki sama da shekara 40. Akan sa masu sa kai su yi wanka, su tsaya a baranda mai iska da jiƙaƙƙen kaya, sannan su zauna da jiƙaƙƙiyar safa. Waɗanda ba a ɗiga wa ƙwayar a hanci ba, ba su kamu ba. A 1968 wasu likitoci a Amurka suka sake gwadawa da rhinovirus, su ma ba su ga sanyi ya ƙara komai ba.

Usman: Wanda ya fi burge ni ma shi ne na tsibirin Spitsbergen, can kusa da ƙurewar arewacin duniya, wanda aka wallafa a 1933. Duk tsawon hunturu ƙanƙara ta rufe hanya, ba shiga ba fita, ga sanyi mai kisa, amma mura ta kusa ɓacewa a tsakanin mazauna wurin. Da yanayi ya sassauta jirgin ruwa na farko ya iso da baƙi, sai mura ta barke.

Zainab: Yaya Usman, ka kawo rabin da ya yi maka daɗi ka ɓoye sauran. Ni a ɗakin marasa lafiya nake yini, kuma ban yarda a ce sanyi ba ruwansa ba. A 2005 a jami'ar Cardiff an ɗauki mutum 180, rabinsu suka tsoma ƙafa cikin ruwan sanyi na minti 20, sauran suka sa ƙafa cikin roba ba ruwa. Cikin 'yan kwanaki, kashi 29 cikin ɗari na masu ruwan sanyi suka ce sun ji alamun mura, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 9. Bayanin masu binciken shi ne, mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar a hanci ba tare da ta tashi ba. In jiki ya yi sanyi sai jijiyoyin jinin hanci su tsuke, sojojin garkuwar jiki su ragu a wurin, ƙwayar ta samu sarari.

Hajiya Binta: Yauwa 'yata, Allah ya yi miki albarka. Ka ji ko?

Usman: Hajiya ki dakata da guɗar tukuna. Zainab, kin san matsalar wannan binciken. Ba a duba hancin kowa an ga bairos ba, bakinsu kawai aka ɗauka. Kuma kowa ya san ko ƙafarsa ta shiga ruwa ko ba ta shiga ba. Wanda ya taso yana jin cewa sanyi na sa mura, da ya yi atishawa ɗaya zai rubuta cewa ta kama shi.

Zainab: Wannan na ba ka. Amma ba shi kaɗai ba ne. A 2015 masu bincike a jami'ar Yale sun nuna rhinovirus ya fi hayayyafa a zafin digiri 33, irin na cikin hanci, fiye da digiri 37 na cikin jiki, domin a wuri mai sanyi ƙwayoyin halitta ba sa saurin fitar da sinadarin da ke yaƙarsa. Kafin ka faɗa, na sani, da ƙwayoyin halittar ɓera aka yi. To a 2022 a Boston an yi da na hancin ɗan Adam: in zafin hanci ya sauka da digiri 5, 'yan ƙananan ƙunsoshin da hanci ke fitarwa su tare ƙwayar cuta suna raguwa da kusan kashi 40 cikin ɗari. Sannan mura mai tsanani, wato fulu, a 2007 an gwada ta a kan ɓerayen Masar a New York, aka ga ta fi yaɗuwa a iska mai sanyi da bushewa. Sanyi ba shi ne ɓarawon ba, na yarda, amma shi ke barin ƙofa a buɗe.

Malam Sani: Ashe wannan gardamar ta girmi kakanninmu. A 1776 Benjamin Franklin, masanin kimiyya ɗan Amurka, da John Adams, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, sun sauka a wani masauki, ɗaki ɗaya gado ɗaya. Adams ya rufe taga don tsoron mura, Franklin ya ce a buɗe, ai daga numfashin mutane a rufaffen ɗaki ake ɗaukarta. Yana cikin dogon bayani Adams ya yi barci ya bar shi. Usman, ka kiyayi kanka.

Usman: Malam ai Franklin ne ya fi kusa da gaskiya, kuma lokacin ba a ma san bairos ba. Ga tambayata ga kowa. Hunturun 2020 zuwa 2021 an yi sanyi a Turai da Amurka kamar kullum, amma fulu ta kusa ɓacewa, saboda korona ta sa an rufe fuska, an rage cuɗanya, an tsayar da tafiye-tafiye. Sanyi yana nan, cutar ba ta nan. In da shi ne ke kawo ta, ina ta shiga?

Hajiya Binta: Ni ban san ina ta shiga ba. Na dai san jikana ba zai fita ba hula.

Zainab: Kar ki cire masa Hajiya. Abin da ke ba ni tsoro da irin maganar Yaya Usman shi ne wani ya karanta layin farko kawai ya tafi. Sanyi na da nasa ɓarnar da ba ruwanta da bairos. Yana tayar da ciwon mai sikila, yana tayar da asma, yana tsuke jijiyoyi hawan jini ya ƙaru, shi ya sa ciwon zuciya ke yawaita a lokacin. Jariri da tsoho kuwa jikinsu na saurin rasa ɗumi. A ɗaya gefen kuma, masu cewa sanyi ne komai su ne ke toshe kowace kafa a ɗaki, wasu har da garwashi a ciki, hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa ya kashe mutane cikin barci.

Usman: Ban ce a fita tsirara ba fa. Abin da nake so a gane, uwa ta naɗe yaro da riguna uku sannan ta bar mai tari ya ɗauke shi yana sumbatarsa, ba ta yi komai ba. Wanke hannu da barin iska ta ratsa ɗaki sun fi rigar ta uku amfani. Sannan a daina ɗura wa mai mura antibayotik, ba ya taɓa bairos.

Maman Amira: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Tawa na da mura yanzu haka, kwana biyu ban yi mata wanka ba don tsoro. In yi ko in bari?

Zainab: Ki yi mata da ruwan ɗumi, ki goge ta da wuri ki sa mata kaya, ba zai ƙara mata ciwo ba. Ki riƙa ba ta ruwa ko nono akai-akai. Amma in kin ga numfashinta na sauri, ko haƙarƙarinta na lotsawa in ta ja iska, ko ta ƙi tsotso, kar ki jira gari ya waye, ki kai ta asibiti. Watanta nawa?