Muhawara: kashe ƙwayar myostatin a kifin madai zaɓen iri ne ko wani abu daban?

Malam Bello: Ni a ganina, abin da masana Jami'ar Kyoto da ta Kindai suka yi wa kifin tekun da Japanawa ke kira madai bai wuce zaɓen iri da makiyaya suka saba yi ba. Sun yi amfani da fasahar gyaran ƙwayoyin gado ta CRISPR sun kashe ƙwayar gado mai suna myostatin, wadda aikinta shi ne ja wa tsoka linzami, kuma ba su saka wata baƙuwar ƙwaya a jikin kifin ba. Shi ya sa a 2021 hukumomin Japan suka karɓi sanarwar kamfanin Regional Fish aka fara sayar da kifin, wanda aka ce namansa ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari.

Dakta Zainab: Malam, na yarda cewa irin wannan canji yana faruwa da kansa, amma wannan bai wanke shi ba. A 1997, shekarar da Se-Jin Lee da Alexandra McPherron suka gano ƙwayar a jikin ɓera, aka tabbatar cewa lalacewarta ce ta cika shanun Belgian Blue da tsoka, kuma su ne shanun da galibi sai an yi musu tiyata kafin su haihu. A kifi lamarin ya fi sarƙaƙiya, domin kifaye da yawa suna da kwafi biyu na ƙwayar, kuma tana aiki har a ƙwaƙwalwa da wasu sassan jiki, alhali a dabbobi masu shayarwa kusan a tsoka take. Masanan Kyoto da Kindai da kansu sun rubuta a 2018 cewa kifin ya gajarta, ƙasusuwan bayansa sun ƙanƙance.

Malam Bello: Dakta, gajarta ba cuta ba ce. Kifin yana ci, yana girma, yana hayayyafa, kuma da yake ƙwai yake zubawa a ruwa, matsalar naƙuda ba ta shafe shi ba.

Dakta Zainab: Na bar maka batun naƙuda. Abin da ban bari ba shi ne saurin aikin. Makiyayi yana zaɓe a hankali, tsara bayan tsara, yana ganin aibi kafin ya bazu a garke, shi kuwa wannan gyara a cikin ƙwai ake yin sa, kuma bayan tsara biyu ko uku irin ya tabbata. Ina son a auna ƙarfin ninƙayarsa da juriyarsa ga cuta na tsawon lokaci.

Alhaji Musa: Malam da Dakta, ku gafarce ni, ni teku nake ji. Ana kiwon kifin ne a tankuna a kan tudu a garin Miyazu na Japan domin kada ya tsere ya haɗu da na cikin teku, kuma wannan tsaron da kansa shaida ce cewa masu shi ba su ɗauke shi kamar sauran madai da ake kiwo a keji cikin teku ba. Ga kuma ƙa'idar gwamnatin Japan ta 2019 da ba ta tilasta rubuta wa mai saye cewa an gyara abincin ba.

Malam Bello: A nan muna tare, Alhaji. Kamfanin yana bayyanawa don ra'ayin kansa, amma ya kamata doka ta wajabta hakan.